Yadda aka fasa tsohon bahon wankan gidanmu: sharhi kan aikin mai gyaran famfo

Gidan da muka gada a Unguwar Rimi, cikin garin Kaduna, yana daga cikin tsofaffin gidajen ma'aikatan gwamnati, kuma a banɗakinsa akwai irin farin bahon wankan nan na zamanin Turawa, mai tsawon kusan santimita 170, wanda aka ƙera da ƙarfen zubi da makanikai da 'yan gwangwan ke kira kas. An yi shekaru ba wanda ya cika shi da ruwa, domin ruwan famfo ba ya zuwa yadda zai ɗauki wannan almubazzaranci. Bokiti ake ajiyewa a ciki, a tsaya a yi wanka. Ciwon gwiwar Hajiya ne ya sa muka yanke shawarar cire shi, saboda ɗaga ƙafa ta tsallake bakinsa ya zame mata aiki, ga kuma santsi da zarar sabulu ya zuba.

Mun ba wani mai gyaran famfo aikin a kan jinga, shi da yaransa biyu, kuma tun zuwansa na farko na ga alamar ya san abin da yake yi. Bai faɗi kuɗi ba sai da ya ƙwanƙwasa gefen bahon da sifana ya saurari ƙarar. Ya bayyana mini cewa bahon da aka yi da fallen ƙarfe yana amsa kuwwa kamar ganga ta mai, kuma mutum biyu suna iya cicciɓarsa, amma na kas ƙararsa a dushe take, nauyinsa kuma yakan haura kilo 100. Wani maƙwabcinmu mai kiwon shanu ya so a fitar masa da shi lafiya ya mai da shi wurin shayar da dabbobi, ni ma hakan na fi so, sai dai an gine bahon ta gaba da bulo an liƙa tayil, ƙofar banɗakin ƙarama ce, sannan akwai kwana a baranda. Ogan aikin ya ce mini, "Alhaji, in ka matsa za mu gwada, amma ko dai ƙofa ta tafi ko bayan wani ya tafi." Na yarda a fasa.

Abin da ya fi burge ni a aikin duka ya faru ne kafin a ɗaga guduma. Ya rufe ruwa daga tanki, ya buɗe famfunan ƙasa har bututu ya tsiyaye, sannan ya huda ƙaramar kafa a ginin gaban bahon ya leƙa da tocilan. A nan aka ga cewa bututun da ke kwashe ruwan wanka na darma ne, waɗanda ke kawo ruwa kuma na ƙarfe ne da tsatsa ta cinye har noti ya manne. Ya zuba baƙin mai ya jira, ya sake gwadawa, da abin ya ƙi sai ya sa zarto ya yanke a hankali maimakon ya murɗa da ƙarfi, yana mai cewa tsohon bututu idan aka tilasta masa a cikin bango yake karyewa, inda sai an fasa rabin ɗaki kafin a kai gare shi. Bayan haka ya toshe bakin magudanar da tsumma don kada tarkace ya faɗa ko warin sokawe ya dawo, ya kuma ɓamɓare layin tayil ɗaya da ya hau kan leɓen bahon. Wannan shiri ya ci wajen awa uku, fasawar kanta kuwa ba ta kai awa guda ba.

Ƙarfen zubi yana ɗauke da sinadarin kabon fiye da kashi 2 cikin 100, shi ya sa ba ya lanƙwasa kamar rodi, tsagewa yake yi idan ya sha duka. Farin da ke samansa kuma ba fenti ba ne, gilashi ne da aka narka a kan ƙarfen da wuta mai tsanani, don haka kowane bugu yana watsa tsinin gilashi ko'ina. Sun lulluɓe bahon da tsohon bargo da aka jiƙa, babban yaron ya riƙa dukan tsakiyar gefensa da babbar guduma. Bugu uku na farko ba su yi komai ba sai ƙarar da ta sa maƙwabta leƙowa, a na huɗu ne aka ji sautin ya canza, da aka ɗaga bargon sai ga tsaga ta tashi daga leɓe har gindi. Daga nan suka bi tsagar, bahon ya rabu manya huɗu da ƙanana masu yawa, kowane yanki mutum ɗaya ko biyu na iya fitar da shi.

A nan ne kuma na fara ganin gazawarsu. Yaran sun zo da silifa, ba tabarau, ba safar hannu, ba abin toshe kunne, a cikin ɗaki ƙarami mai tayil inda ƙara ke komowa kan mutum. Sai da ƙaramin ya yanke a yatsa wajen kwasar gutsattsarin da ke da kaifi kamar reza kafin ogan ya ciro safar hannu ɗaya tak daga jakarsa, abin da ya nuna yana da ita tun farko. Ba su rufe masai da abin wanke hannu ba duk da na yi magana, kuma wani ɓallin ƙarfe ya tsallake bargon ya ɓantare gefen murfin tankin masai. Ya ba da haƙuri, amma bai ce zai biya ba, ni ma ban ja maganar ba. Sharar da suka yi ta sama-sama ce, domin mun yi mako guda muna tsintar farin gilashi a lungun ƙofa, kuma dole muka hana yara shiga wurin ba takalmi.

Saɓanin da ya fi ɓata mini rai laifina ne rabi. Da muka yi jinga ban ambaci wanda zai mallaki ƙarfen ba, shi kuwa ashe ya riga ya lissafa shi cikin ribarsa, har ya kira mai kura da zai kai shi Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa. Ni kuma ina ganin kayan gidanmu ne. Muka daidaita a kan ya ɗauki kas ɗin, ni in riƙe famfunan tagulla biyu, waɗanda daga baya na gane kilonsu ya fi na kas daraja nesa ba kusa ba. Haka nan babu wanda ya yi maganar abin da ke ƙarƙashin bahon. Da aka kwashe, sai ga ƙasa ba daɓe, yashi ne mai danshi da ɓaraguzan gini da kyankyasai, kuma ya yi ƙasa da sauran daɓen banɗakin. Cike wurin, da shafa maganin hana ruwa ratsawa, da fitar da gangara zuwa sabuwar magudanar shawa, duk sun zama sabon ciniki da birkila, wanda kuɗinsa ya zarce na cirewar.

Zan sake kiran wannan mutum idan aikin bututu ne, domin wata biyu ke nan babu ɗigo ko ɗaya a inda ya haɗa sabon bututun roba da tsohon layi, amma sai na rubuta sharuɗɗa kafin in ba da kafin alƙalami: kayan kariya ga yaransa, katako a kan masai, da wanda zai mallaki ƙarfen. Ranar da birkila ya gama, ogan ya dawo ba tare da an kira shi ba, ya sheƙa bokiti biyu a daɓen yana kallon inda ruwan ke bi, ya nuna wani lungu kusa da bango inda yake kwanciya, ya sa aka ɗaga tayil uku aka gyara kafin siminti ya kama.