Wane taki ya kamata mai gonar gangare ya saya: yuriya, kamfa ko takin gida?

Manomin masara da gonarsa ke kan gangare, kamar yadda ake samu a tsaunukan Jos, Biu da Mambila, yana da matsalar da mai fadama ba shi da ita, domin ruwan sama yakan kwashe sinadarin naitirojin da ya zuba ya gangara da shi rafi tun kafin saiwar shuka ta sha. Don haka kafin a biya kuɗin buhu, ya kamata a yi tunanin wane taki ne zai zauna a cikin ƙasa.

Yuriya ita ce mafi yawan naitirojin, kashi 46 cikin ɗari, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, yayin da buhun kamfa mai lamba 15-15-15 (lambar farko ita ce kason naitirojin cikin ɗari) yake da kilo 7.5 kacal, mai lamba 20-10-10 kuma kilo 10. Idan naitirojin kaɗai ake nema, yuriya ta fi sauƙin kuɗi. Sai dai tana narkewa da sauri ƙwarai, kuma wanda ya watsa ta a saman ƙasa a watan Agusta, lokacin da ake tafka ruwa, to ya yi wa maƙwabcinsa na ƙasa kyauta. Idan kuma ruwan ya ƙi sauka, wani kaso nata yakan bi iska. Shi ya sa mai sayenta ya kamata ya ƙididdige har da kuɗin ƙodago na tona rami a gefen kowace shuka a binne ta.

Kamfa ya fi dacewa da zubin farko, mako ɗaya ko biyu bayan shuka, sannan yuriya ta biyo baya a mako na biyar ko na shida, domin idan ruwa ya kwashe zubi ɗaya, ba duka aka rasa ba.

Takin gida kuwa, irin kashin shanu da na kaji da ya ruɓe, naitirojin ɗinsa kaɗan ne kuma dakonsa zuwa kan tudu akwai wahala, amma yana sakin ƙarfinsa sannu a hankali, yana kuma sa ƙasa ta riƙe ruwa. A ganina, wanda gangarensa ya yi tsanani ya rage buhun yuriya ɗaya, ya sa kuɗin wajen ɗaukar takin gida da yin kunya a gicciye, tare da dasa layin gamba ko jema da zai tare ƙasar da ruwa ya ɗebo.