Ƙaramin fawa-fak samfurin SFX: abin da na gani bayan na yi aiki da shi

Duk wanda ya haɗa kwamfutar tebur a ƙaramin gida (wato akwatin kwamfutar), da madabod (babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa) samfurin Mini-ITX mai santimita 17 kowane gefe, ya san wurin fawa-fak (na'urar da ke ba sassan kwamfutar wuta) ne ke fara ba shi ciwon kai. Na ATX da muka saba da shi faɗinsa milimita 150, tsayinsa 86, zurfinsa 140 ko fiye. Na SFX kuwa 125 ne da 63.5 da 100. A takarda bambancin kamar ba komai ba, amma a cikin gida shi ya ba katin hotona (mai sarrafa hoton da ke fitowa a allo) wurin numfashi.

Nawa mai wat 600 ne, da shaidar 80 Plus Gold, wato idan yana ɗauke da rabin lodinsa, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kwamfutar, kaɗan ne ke salwanta ya zama zafi. Wannan shi ne ya fi burge ni, domin da daddare a kan batirin sola nake aiki, kuma duk wat ɗin da bai ɓata ba, ƙarin lokaci ne a gare ni. Yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka ko wutar gari ta yi ƙasa har fankar sama ta koma jan ƙafa, kwamfutar ba ta ɗauke ba. Sai dai ka haɗa shi da inbata mai kyau. A kan wata mai araha na ji yana wani zuuu da bai kwanta mini ba.

Fankarsa milimita 92 ce, kuma ba ta juyawa sam idan rubutu kake ko lilo a intanet. Da na sa shi aikin tace bidiyo a zafin watan Afrilu, ta tashi da ƙara mai ɗan kaifi, domin ƙaramar fanka sai ta yi gudu kafin ta tura iskar da babba ke turawa a natse. Lokacin hunturu kuma ƙura na cika ragarsa da wuri, dole ka riƙa hure ta.

Wayoyinsa duk ana cire su, ka sa waɗanda kake buƙata kawai. Gajeru ne, daidai ƙaramin gida, amma mai fil 24 ɗin da ke shiga madabod tana da tauri, sai da na lanƙwasa ta a hankali kafin murfi ya rufu. A babban gida ba za su kai ba.

Kuɗinsa ya fi na ATX mai ƙarfi ɗaya da shi. Idan gidanka na ɗaukar babba, sayi babba. Idan ƙarami ne, kada ka yi rowa a nan, domin fawa-fak mara kyau idan ya ƙone yakan tafi da madabod.