Handikaf ɗin lig da na hukuma: me ya sa ba sa zuwa ɗaya?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Amurka ya kawo tambaya kan wasan golf, wato ƙwallon lambu. Ya ce lambar handikaf ɗinsa ta hukuma 14.2 ce, amma a lig ɗin da suke bugawa da abokan aiki duk yammacin Alhamis, rami tara-tara, sakatare ya rubuta masa 9. Wani abokin karawa ya ninka 9 ɗin ya samu 18, ya shiga yi masa habaici wai yana cin rangwamen da ba nasa ba. Yana son ya san wa ya yi kuskuren lissafi, hukuma ko sakatare.

Malam, bisa ga dukkan alamu babu wanda ya yi kuskure. Ɗaya ya auna ka da mudu, ɗaya da tiya, shi kuma mai habaicin ya zuba su a buhu ɗaya.

Ga waɗanda wasan bai dame su ba, a taƙaice: a golf mai ƙarancin bugu ne ke cin nasara. Kowane rami yana da adadin bugun da aka ƙayyade wa gwani, shi ake kira par, kuma cikakken fili mai rami 18 yawanci par ɗinsa 70 zuwa 72 ne. Handikaf kuwa rangwamen bugu ne da ake cire wa mai rauni domin ya iya karawa da wanda ya fi shi.

Lambar hukuma tana fitowa ne daga tsarin duniya da hukumar USGA ta Amurka da R&A ta garin Sen Andurus a Sikotilan suka haɗu suka ƙaddamar a 2020, ya maye gurbin tsare-tsare shida da ake amfani da su a sassa daban-daban na duniya. Doka ɗaya ce a ko'ina. Lambar lig kuwa babu wata hukuma a bayanta. Mutum ashirin ko talatin ne suka zauna a farkon kaka suka yarda da wata dabara, ko kuma suka gaji wadda tsohon sakatare ya bari a kwamfuta. Shi ya sa ba za ka ce "ga yadda ake lissafin lig" ba, sai dai ka ce ga yadda aka fi yi.

Babban bambancin, wanda shi kaɗai ya kusa bayyana tazararka, shi ne waɗanne wasanni ake ɗauka. Hukuma tana duba wasanninka 20 na ƙarshe, ta zaɓi 8 mafi kyau, ta watsar da 12. Ranar da ƙwallo ta yi ta faɗawa ruwa, ranar da bayanka ya riƙe, duk ba su shiga lissafi. Abin da take son sani shi ne iya ƙoƙarinka a ranar da wasa ya karɓe ka. Da gangan aka yi haka, kuma tsohuwar al'ada ce: tsarin farko da USGA ta ɗauka a 1911 wasanni uku mafi kyau kawai yake dubawa, wanda ya gabaci na yanzu kuma 10 cikin 20 yake ɗauka ya ninka da 0.96. Sakamakon haka, ɗan wasa na yau da kullum ba ya buga daidai handikaf ɗinsa sai kamar sau ɗaya a wasa biyar. Sauran ranakun yana sama da shi da 'yan bugu.

Lig da yawa kuwa matsakaici suke ɗauka, mai kyau da marar kyau duka. A tara wasanni huɗu ko biyar na ƙarshe, a raba, a cire par, a ninka da kashi 80 ko 90 cikin 100. Wannan lamba tana faɗin abin da ka saba yi ne, ba abin da za ka iya yi ba. Matsakaicin mutum kuwa kullum yana sama da mafi kyawun aikinsa.

Mu sa alƙaluma. Ɗauka filinku par 36 ne a rami taran da kuke bugawa, kimar filin 35.2, silof ɗinsa 125 (zan zo kan ma'anar waɗannan biyun).

A hanyar hukuma: a raba 14.2 biyu, 7.1 ke nan. A ninka da 125 a raba da 113, an samu 7.85. A ƙara kimar fili a cire par, wato a rage 0.8. Ya zama 7.05, rangwamenka bugu 7.

A hanyar lig: ɗauka ka buga 46, 44, 48, 45, 47. Jimla 230, matsakaici 46. A cire 36, saura 10. Kashi 90 cikin 100 na 10 shi ne 9.

Mutum ɗaya, fili ɗaya, 7 a nan 9 a can, kuma babu wanda ya taɓa alƙalami da mugun nufi. Ka kuma lura abin da ya kamata a jera shi ne 7 da 9, ba 14.2 da 18 ba. Ita 14.2 ba rangwame ba ce tukuna, lamba ce da ake tafiya da ita daga fili zuwa fili, sai an juya ta da alƙaluman filin da za a buga sannan ta zama bugu. Da lig ɗinku kashi 80 take amfani da shi, da 8 za a rubuta maka, da wataƙila ba wanda zai tanka.

Sai batun wahalar fili, inda hukuma ta yi wa lig nisa. Kowane fili da aka tantance yana da lambobi biyu ga kowane wurin fara bugu. Kimar fili ita ce bugun da ake sa ran gwani mai handikaf sifili zai yi. Silof kuma yana nuna yadda filin ke ƙara wa mai rauni wuya fiye da gwani. Yana farawa daga 55 zuwa 155, kuma 113 ne ma'aunin da ake gwada saura da shi, shi ya sa ka gan shi a lissafin sama. Duk katin sakamakon wasa da ka shigar, ana cire kimar fili daga bugunka, a ninka da 113, a raba da silof. Bugu 88 a fili mai kima 70.4 da silof 125 yana ba da 15.9. Wannan 88 ɗin dai a fili mai kima 73.0 da silof 138 yana ba da 12.3. A idon hukuma wasa biyu ne mabambanta ƙwarai. A idon sakataren da par kawai yake cirewa, duka biyun 16 ne sama da par 72. Har yanayin ranar hukuma tana dubawa: idan katunan duk waɗanda suka buga filin a ranar sun nuna iska ko ruwa ya wahalar da kowa, ko kuwa wasa ya zo wa kowa da sauƙi, na'ura takan yi gyaran da ke tsakanin ragin 1 da ƙarin 3.

Ban ga laifin lig a nan ba. Tunda kowa fili ɗaya yake bugawa kowane mako, a yanayi ɗaya, silof bai da wani aiki mai yawa. Inda matsala ke tasowa shi ne idan dattawa suna farawa daga wurin gaba, matasa daga na baya, kuma aka auna su duka da par ɗaya.

Akwai kuma iyakar bugu a rami guda. Hukuma ba ta barin rami ɗaya ya ɓata kati: iyakar abin da za a lissafa maka shi ne par, da ƙarin 2, da rangwamen da kake da shi a wannan ramin. A rami mai par 5 da kake karɓar bugu ɗaya, ko 12 ka buga, 8 za a rubuta. Lig da dama ninkin par suke sa wa iyaka, domin kada duhu ya riski na baya, wato 10 a wannan ramin. Bugu biyun nan kai tsaye suke shiga matsakaici.

Saurin motsi ma ba ɗaya ba ne. A lissafinmu na sama, ɗauka mako mai zuwa ka buga 52, ya ture 46 ɗin farko. Jimla 236, matsakaici 47.2, rangwame ya koma 10 a dare ɗaya. A wajen hukuma mummunan wasa ba ya motsa komai, sai fa idan shigowarsa ta kori ɗaya daga cikin takwas masu kyau daga jerin 20. Sannan akwai birki: idan lambarka ta haura mafi ƙarancin da ka riƙe a cikin kwana 365 da fiye da 3.0, abin da ya wuce hakan rabinsa ake lissafawa, kuma hawan ba zai taɓa wuce 5.0 ba. Saukowa kuwa babu birki, har turi ake ƙarawa: wasan da ya fi lambarka kyau da 7.0 zuwa 9.9 yana jawo ragin 1, daga 10 zuwa sama ragin 2. Tsarin a fili yake, ya fi tsoron mai ɓoye ƙarfi fiye da tausayin wanda hannunsa ya lalace.

Wani abu da alƙaluma ba sa nunawa: wanda ya baro ofis ƙarfe biyar, ya sha cunkoson mota, ya ɗauki sanda ba tare da ya motsa jiki ba, ba shi ne wanda ya fito ranar Asabar da safe cikin natsuwa ba. A rami 18 kana da lokacin gyara ɓarnar ramuka biyun farko. A rami tara kafin jiki ya sake an kusa tashi. Idan kyawawan wasanninka takwas duk na ƙarshen mako ne, lig ba ta taɓa ganin wannan mutumin ba.

Kada a ɗauka kullum ta lig ce ke sama. Tana iya zama ƙasa, musamman ga masu rauni. Wanda matsakaicinsa 54 ne yana sama da par da 18, kashi 80 ya mayar da shi 14, an zabge masa kusan bugu huɗu, alhali mai 10 biyu kawai ya rasa. Wasu lig ma suna da rufi, komai rauninka ba za a wuce maka wani adadi ba, yayin da hukuma ke kaiwa har 54.0. Ga kuma sassaucin da ake yi tsakanin abokai: ƙwallo ta tsaya dab da rami a ce "ɗauka, an yafe", ta faɗa mummunan wuri a ɗan gusa ta, bugun farko ya lalace a sake kyauta. Kowane ɗaya yana rage bugu a kati, rangwame ya sauka, mutum ya ɗauka hannunsa ne ya faɗa.

Ita ma hukumar tana da nata kason, wannan kuwa mutane kan manta. Bayan an juya lambarka ta zama rangwamen fili, ana sake ninka ta gwargwadon irin gasar. Shawarar tsarin ita ce kashi 95 a gasar ƙirga bugu ta mutum ɗaiɗai, kashi 100 a karawar mutum biyu rami da rami, kashi 85 idan biyu-biyu ne ana ɗaukar bugun wanda ya fi kyau a ƙirga. Saboda haka kashi 90 na sakatarenku ba bidi'a ba ce, sai dai shi a kan matsakaici yake ɗora shi.

Wace ce ta fi? Ya danganta da inda kake tsaye. Ranar Alhamis, tsakanin mutanen da suka san juna, ta lig ta fi kawo wasa kusa da kusa, domin tana bin halin da kowa ke ciki a makonnin nan. Rauninta shi ne sauƙin murɗawa: mai son kofi ya yi sakaci mako biyu kafin wasan ƙarshe, ya shigo da rangwame mai ƙiba. Shi ya sa na fi yarda da lig da ke watsar da mafi munin wasa ɗaya ko biyu kafin ta raba, ko ta daskarar da lambobi kafin zagayen ƙarshe. Da zarar ka fita ƙofar filinku kuwa, ta lig ba ta da kasuwa. Idan ka je Sen Andurus kana son buga tsohon filinsu, shaidar handikaf ta hukuma za su nema, wadda ba ta wuce 36 ba, takardar sakatare ba za ta shigar da kai ba.

Wuri ɗaya ne mai habaicin zai iya samun gaskiya a kanka: shin kana shigar da wasannin lig a kundin hukuma? Idan an buga su bisa doka, da abokin wasa, a fili mai kima da silof, a lokacin da ake karɓar kati a jiharku (jihohin arewacin Amurka suna rufe karɓa da hunturu), to wajibi ne su shiga. Rami tara ba uzuri ba ne. Tun gyaran 2024, na'ura tana ɗaukar rami taranka ta haɗa da abin da ake sa ran mai irin lambarka zai buga a sauran taran, ta mayar da shi cikakken wasa nan take, ba sai an jira wani tara ɗin an haɗa ba kamar da. Wasan da ƙungiya ke bin ƙwallo ɗaya mafi kyau ba ya shiga.

Ka nemi sakatare ya ba ka dabararsa a rubuce: wasa nawa yake ɗauka, yana watsar da wasu ko a'a, par yake cirewa ko kimar fili, kashi nawa, mene ne iyakar rami. Ka juya 14.2 ɗinka da kima da silof na rami taran da ke jikin katin filin, sannan ka jera su. Tazarar bugu ɗaya ko biyu a rami tara lissafi ne ya kawo ta. Idan ta kai huɗu ko biyar kuma ta daɗe a haka, to a duba katunan ɗaya bayan ɗaya, domin akwai waɗanda suke wani kundin ba sa ɗayan.