Syncthing, Nextcloud ko LocalSend: wanne ya dace da wayarka a Zariya?

Ɗalibar da ke rubuta furojet a Samaru ko Kongo da ɗan kasuwar Sabon Gari mai ajiye lissafinsa a waya, buƙatarsu ɗaya ce: abin da ke waya ya kasance a kwamfuta, ba tare da an ƙarar da data ba. Akwai manhajoji na kyauta da lambobin ginarsu ke buɗe ga kowa, kuma kowace da inda ta fi ƙarfi.

Ni dai Syncthing nake fara nuna wa mutane. Ba ta kai fayilolinka saba (babbar kwamfutar ajiya) ta wani kamfani. Wayarka da kwamfutarka ne ke musayar su kai tsaye. Ka ɗora su kan wifi ɗaya, ko da babu intanet a kansa, ka zaɓi folda guda, shi ke nan. Babin da ka gyara a kwamfuta da daddare, da safe yana cikin wayarka a aljihu. Sai dai a Disamban 2024 aka daina sabunta manhajarta ta asali ta Android, don haka madadinta, Syncthing-Fork, za ka nema a F-Droid, wato rumbun sauke manhajojin Android na kyauta. Abu na biyu kuma ya fi muhimmanci: in ka goge fayil a waya, na kwamfutar ma zai bi shi. Tun ranar farko ka kunna ajiye tsofaffin kwafi a saitin foldar. Don Allah kada ka tsallake wannan.

Nextcloud, wadda aka kafa a Jamus a 2016, ta fi faɗi. In ka haɗa ta da wata manhajar Android mai suna DAVx5, lambobin waya da kalanda ma za su daidaita. Amma tana buƙatar saba mai aiki dare da rana, kuma kowa ya san halin wuta a garin nan. Makaranta ko ƙungiya mai sola da mai kula da ita za ta ci moriyarta; ga mutum ɗaya kuwa, ɗawainiya ce.

LocalSend tura fayil kawai take yi, kamar Xender amma babu talla, tsakanin Android, iPhone da Windows.

In ka zaɓi Syncthing-Fork, shiga saitin batir ka cire mata takunkumi, domin wayoyin Android da yawa kan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage.