Kafin ka karɓi aikin zane ta intanet, zaɓi hanyar da kuɗinka zai bi

A Sha'aban ɗin da ya wuce, ƙanwata da ke Shara Mansur a Makka ta yi kwana huɗu tana zana wa wani mutum tambarin shago da katin gayyata. Sun yi ciniki ta Instagram a kan riyal 300. Sai ga hoton rasit na riyal 1,300, wai hannunsa ne ya kuskure, don Allah ta mayar masa da dubun. Rasit ɗin har da hatimin banki. Allah ya sa ta buɗe manhajar bankinta kafin ta tura, ta ga ko halala (kwabon Saudiyya) ba ta shigo ba. Amma zanen ya riga ya tafi, kwana huɗu sun tashi a banza. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, shi ya sa na zauna na auna hanyoyin karɓar kuɗin.

Idan mai ba da aikin yana cikin Saudiyya, babu kamar tura kuɗi banki zuwa banki. Tun da aka kawo sarie, tsarin tura kuɗi tsakanin bankunan Saudiyya, a 2021, kuɗi na shiga nan take ko da bankunanku daban ne, don haka "na tura, zai shigo gobe" ba uzuri ba ne. Asusun waya irin su urpay ma haka suke. Raunin wannan hanya shi ne babu alƙali a tsakaninku. Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka ɗauki alƙalami, kuma idonka ya ga kuɗin a manhajarka, ba a hoton da aka turo maka ba.

PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, ita ce mutanen Amurka da Turai suka fi nema, kuma a nan aka fi cin masu zane. Mai saye yana da kwana 180 na shigar da ƙorafi, idan kuma da katin sata aka biya, ana iya janye kuɗin bayan ka miƙa aiki. Ga kuma imel na bogi mai cewa an riƙe kuɗinka sai ka fara biyan wani abu a "ɗaga" asusunka. Ƙarya ce. In dole sai PayPal, kai za ka aika takardar neman biya daga asusunka, ka adana hirarku da shaidar miƙa aiki.

Ga baƙon da ban sani ba, ni dandalin da ke riƙe amana na fi so: Khamsat da Mostaql na Larabci, ko Fiverr. Mai saye zai zuba kuɗi tukuna, su riƙe har a gama. Akwai tsada, Fiverr na cire kashi 20 cikin 100, sabon mai sayarwa kuma sai ya jira kwana 14. Na san yana da zafi, amma gara riyal 80 a hannu da 100 a rasit ɗin ƙarya. Duk wanda ya ce ku fita ku ƙarasa a WhatsApp don a rage kuɗi, amanar yake gudu.

Masu cewa za su sayi zanenka a matsayin NFT (shaidar mallakar zane ta intanet) da dubban daloli amma sai ka fara zuba kuɗin rajista, toshe su kawai.

Haka wanda ya nemi lambar sirrin da banki ya turo maka, ko ya ce ka amince da buƙata a Nafath, manhajar tantance mutum ta gwamnatin Saudiyya, don kuɗi su shigo. Karɓar kuɗi ba ya bukatar ko ɗaya. A Saudiyya, saƙon damfara ana tura shi zuwa lambar 330330, ƙara kuma ta manhajar jami'an tsaro ta Kulluna Amn. Ƙanwata yanzu samfuri take aikawa mai ƙaramin girma da sunanta a kwance a tsakiya, cikakken zanen sai cikon kuɗi ya shigo.