Sharhi: ELM327 a kan tsohuwar motar da ke mutuwa lokacin da ta ga dama

Motar da ta mutu murus ba ta cika ba bakanike wahala ba, domin abin da ya lalace yana nan a lalace, ana bi a same shi. Wadda ke cinye aljihu ita ce mai tashi lafiya lau da safe, ta mutu a gosulo da rana tsaka, a tura ta gefen titi, bayan minti ashirin a murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba. Kafin a isa gareji ta warke. Daga nan sai a shiga canje-canje, yau filogi, gobe fanfon mai, jibi kwayil, matsalar kuwa tana nan daram. A kan irin waɗannan motoci na yi aiki da 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth, wadda ke karanto bayanai daga ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, haɗe da manhajar Torque da ta Car Scanner a wayar Android. Ta cancanci kuɗinta, wanda ko kusa da na batir bai kai ba. Sai dai amfaninta mafi girma ba a lambobin matsala da ƙwaƙwalwar ke adanawa yake ba. Yana wajen nuna maka abin da ƙwaƙwalwar mota ke gani a daidai lokacin da motar ke mutuwa.

Girmanta kaɗan ya fi na kwalin ashana. Ana cusa ta a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin dasbod, galibi ɓangaren direba, a murɗa makulli har fitilun dasbod su kama, a haɗa ta da waya. Kafin ka saya, ka san asalin motarka. Duk motar fetur da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da tsarin OBD2, wanda na'urar ke magana da mota ta cikinsa, don haka Camry da Corolla da Accord 'yan Amurka na amsawa. A Turai sai 2001 aka wajabta shi ga motocin fetur. Golf 3 da Peugeot 406 na farkon fitowa, waɗanda suka cika tashoshinmu, yawancinsu ba za su ce mata uffan ba ko da soket ɗin ya yi daidai. Golf na son kebul ɗin KKL, Peugeot na son na'urar Lexia. Mai iPhone kuma ya nemi mai WiFi ko sabon samfurin Bluetooth na BLE, domin tsohon ba ya haɗuwa da ita.

Kusan duk waɗanda ke kasuwa kwaikwayon ainihin ELM327 ne, kuma ba ingancinsu ɗaya ba. Masu arha sosai da aka rubuta wa v2.1 sukan yi aiki da motocin 2008 zuwa sama, masu sabon tsarin sadarwa na CAN, amma su kasa da tsofaffi masu magana ta tsohon tsarin da ake kira layin K. Wadda aka rubuta wa v1.5 mai guntun PIC18F25K80 a ciki ita ce na samu tana riƙe tsohuwar mota da kyau. Ka gwada ta a jikin motarka kafin ka biya.

Abu na farko da za a tantance, tun kafin a taɓa na'urar, shi ne wane irin ƙin tashi ne. Idan an murɗa makulli aka ji ƙas kawai, ko aka ji shiru, injin bai juya ba, to ELM327 ba ta da abin faɗi sosai. Wannan aikin mitar awon wuta ne. Batir mai cikakken caji yana nuna volt 12.6 a kashe. Idan ya sauko 12.2 rabinsa ya tafi. Lokacin da kik ke juyawa bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba, in injin na aiki kuma altaneta ta riƙe shi tsakanin 13.5 da 14.5. Na'urar tana nuna volt a waya, amma takan kauce da volt 0.2 ko 0.3, kuma ba ta ganin asarar da ke cikin kebul. Sa tsinken mita ɗaya a kan batir na nagetif, ɗayan a jikin injin, wani ya murɗa makulli. In ka ga abin da ya haura volt 0.3, wayar at ta ci tsatsa ko ta kwance. Wannan waya, da kan batir mai farin gari, da tagullar da ke cikin sulenoyid ɗin kik, su ne suka fi jawo yau a tashi gobe a ƙi. A mota mai giyar otomatik, gwada ta da ita a N. In ta tashi a N ta ƙi a P, makunnin da ke jikin giya ne.

Inda na'urar ke nuna bajintarta shi ne idan kik na juya injin amma bai kama ba. Buɗe ma'aunin RPM, wato saurin juyin injin, a waya ka murɗa makulli na daƙiƙa biyar. Ya kamata ka ga wani abu tsakanin 150 da 250. Idan ya tsaya a sifili alhali kana jin injin na juyawa, ƙwaƙwalwar ba ta san yana juyawa ba, don haka ba za ta ba da wuta ba, ba za ta buɗe nozul ba. A nan ana zargin sansar kiranshaf ko wayarta. Sansa mai naɗin waya a ciki tana da hali sananne: in ta yi zafi siririyar wayar ta buɗe ta yanke, in ta huce ta koma ta haɗe. Shi ya sa motar ke tashi bayan an bar ta ta sha iska. A Corolla mai injin 1ZZ, juriyar sansar a sanyi tana tsakanin om 1,630 da 2,740. A auna ta a lokacin da motar ta ƙi, ba bayan ta huce ba, in ba haka ba za ta nuna lafiya ƙalau. Lambar P0335, ta layin wannan sansar, takan fito, amma ba kullum ba.

Akwai wata amsa da mutane ke ɗauka lalacewar na'ura ce, alhali ita ce gano matsalar. Mota ta ƙi tashi, wayar hannun da ɗazu take haɗe da ƙwaƙwalwa yanzu ta ƙi haɗuwa, fitilar cek kuma ba ta kama ba da aka murɗa makulli. Ma'anarsa wuta ba ta isa ƙwaƙwalwar. A duba fiyus, babban rile, wayoyin at, da makunnin da ke bayan makulli. Honda da kanta ta kira motoci da dama a Amurka a 2002, ciki har da Accord, saboda wannan makunnin yana cinyewa ya kashe mota tana tafe. Girgiza makullin a hankali injin na aiki. In fitilun dasbod suka yi ƙifta ko ta mutu, ka gama bincike.

Idan RPM na nunawa, ƙwaƙwalwa na haɗe, saura wuta da mai, kuma a nan ne na'urar ta fi rauni. Tsofaffin motoci ba su da sansar da ke auna ƙarfin mai, saboda haka fanfo zai iya mutuwa ba tare da lamba ko ɗaya ba. A Accord ta 1998 zuwa 2002, wadda ake ce wa Baby Boy, kunne ya fi waya amfani: da zarar ka murɗa makulli fanfon zai yi gurnani na daƙiƙa biyu. In ba ka ji ba a ranar da rana ta gasa cikin motar, babban rile da ke ƙarƙashin dasbod ɓangaren direba ne abin zargi na farko. Dalmar da ke bayan allonsa tana tsagewa zobe-zobe a gindin ƙafafuwa, siriri sosai, sai ka karkata shi a haske za ka gani. Mai rewaya zai sake narka dalmar cikin ɗan lokaci. Kada a kai wannan gwajin kan tsohuwar Corolla: fanfonta ba ya tashi sai injin ya fara juyawa, shirunsa ba laifi ba ne, kuma an cire fanfuna masu lafiya da yawa saboda rashin sanin haka. Hukunci na gaskiya sai da agogon awon ƙarfin mai. Injin 1ZZ na son psi 44 zuwa 50. Fanfon da ya saba aiki da tanki kusan wayam ya fi saurin gajiya, domin man da yake nutse a ciki ne ke sanyaya shi, ga kuma dattin man bumburutu da ke toshe rariyarsa.

Yadda motar ke mutuwa ma yana da labari. Wadda ta yi tari, ta shaƙe, ƙarfinta ya riƙa raguwa kafin ta mutu, mai ne ya gaza. Wadda ta ɗauke farat ɗaya, allurar RPM ta faɗi ƙasa tun motar na gangarawa cikin giya, wuta ce: sansa, makulli, ko igineta da kwayil da ke cikin distiributa a tsofaffin Honda.

Ga motar da ke mutuwa a silo, ko da an taka birki, ko da an kunna AC, ma'aunai uku nake sa ido a kai. Na farko STFT da LTFT, wato yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa don gyara cakuɗa. Jimillarsu kada ta wuce kashi 10 sama ko ƙasa. Idan ta kai 20 a silo amma ta sauko da aka riƙe totur a 2,500, iska ce ke sata ta wani tiyo da ya tsage ko gaskit ɗin manifol. Idan kuma ƙaruwa take yi yayin da ake ba ta wuta, mai ne bai isa ba ko sansar iska ta yi datti. Matsalar takan zo da lambar P0171. Na biyu sansar iskar kanta, wadda a injin lita 1.8 mai zafi take nuna kusan giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa a silo. Na uku zafin ruwa. Da safe kafin a ta da mota ya kamata ya yi daidai da zafin gari. In ka ga digiri 40 ƙasa da sifili, wayar sansar ta yanke, ƙwaƙwalwa za ta yi ta zuba mai har filogi su jiƙe. Bayan tafiya ya zauna sama da 80. A nan ake ganin illar cire tamastat da ake yi da sunan maganin zafi: injin ba ya kai zafin aikinsa da wuri, yana shan mai, baƙin hayaƙi na taruwa. In duk ukun sun yi daidai, a kwance totur da bawul ɗin silo a wanke. P0505 na nuni da wannan wajen.

Abin da ya fi burge ni shi ne rikodi. Duka manhajojin biyu na iya adana ma'aunai kana tuƙi, sai ka duba daƙiƙun ƙarshe bayan ta mutu. Sai dai layin K yana da nawa ƙwarai. In ka zaɓi ma'aunai goma, kowanne zai riƙa sabuntawa jifa-jifa, yankewar rabin daƙiƙa ta wuce ba a gani ba. Zaɓi uku ko huɗu kawai: RPM, volt, STFT da zafin ruwa.

Sauran aibobinta a bayyane suke. Wani lokacin tana yankewa daidai lokacin da kik ya ja wuta, sai an sake gwadawa. Ba ta shiga na'urar tsaron makulli, don haka in fitilar makulli na ƙiftawa a dasbod, a gwada makulli na biyu. Rami na 16 yana da wuta ko mota na kashe, in aka bar ta a cushe kwanaki za ta taimaka wajen tsotse batir mai rauni. Mafi haɗari kuma shi ne maɓallin goge lambobi da ke cikin manhajar, wanda aka sa shi kusa da hannu. Goge lamba na tafiya da hoton da ƙwaƙwalwa ta ɗauka na gudu da zafi da RPM a lokacin da abin ya faru, kuma a matsalar da ke zuwa sau ɗaya a mako wannan hoton ne kaɗai shaidarka. A ɗauki hoton allon waya tukuna, a duba har da lambobin da ke jiran tabbaci, waɗanda ba su kai ga kunna fitilar cek ba.

Lamba kuma sunan layi take faɗa, ba sunan kayan da za a saya ba. P0340 na iya zama sansar kamshaf, na iya zama soket ɗin da man injin ya jiƙa, ko waya da ta goge a jikin ƙarfe. Injin na silo, a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ana motsa su da hannu ana kallon RPM. Inda ya yi tsalle, nan ne.

Ina ba mai tsohuwar mota 'yar Amurka, da ƙaramin bakaniken da bai kai ga babbar kwamfuta ba, shawarar su saye ta, amma tare da mita da fitilar gwaji, agogon ƙarfin mai kuma ko aro ne. A ajiye su a aljihun dasbod, ba a gida ba, domin yawancin awon da aka ambata a sama sai an yi shi cikin mintunan da motar take kwance a gefen titi, kafin ta huce.