Akwatin micro:bit na aji: yara sun burge ni, mai kayan ya ƙona min rai

Malamai da yawa na ta tambaya a kan akwatin nan na micro:bit da ake tallata wa makarantu, wanda ake haɗo allunan da kebul da gidan batir da ɗan littafin darussa a kwali ɗaya. Makarantarmu ta yi odarsa saboda ajin kimiyya na ƙaramar sakandare kuma ni aka danƙa wa. Ga wanda bai taɓa riƙewa ba, ƙaramar kwamfuta ce a kan ɗan allo da bai cika tafin hannu ba, santimita 4 da 5, a gabansa akwai ƙananan fitilu 25 jere biyar biyar da maɓallai biyu A da B. BBC ce ta fito da shi a 2016 ta raba kusan miliyan guda kyauta ga yara 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya. A MakeCode na Microsoft, wani shafi da ake buɗewa a kwamfuta, ake tsara masa abin da zai yi, yaro ya jawo bulon umarni ya ɗora kan bulo, shi ke nan.

Gaskiya abin da ya faru a furojet ɗin auna danshin ƙasa shi kaɗai ya isa in ce a saya. Aikin ba wuya, ƙusa biyu ake sokawa a ƙasar da ke cikin gwangwani, a maƙala ɗaya da waya a bakin allon da ke ba da wuta, wato 3V, ɗayar a bakin da ke yin awo, wato P0, sai allon ya riƙa nuna lamba tsakanin 0 da 1023, busasshiyar ƙasa lamba ƙasa, jiƙaƙƙiya lamba sama. Kowane rukuni da gwangwaninsa da shukarsa, kofi ɗaya suke awon ruwa da shi. Sai wani rukuni ya tayar da rigima wai allonsu ya lalace, ruwa ɗaya suka zuba da maƙwabtansu amma lambarsu ta yi sama sosai. Muka musanya allo, lamba tana nan. Muka musanya wayoyi, tana nan. Ana cikin wannan hayaniyar wata yarinya da ke zama can bakin taga, wacce in ba kiran suna ba ba ka jin muryarta, ta ɗaga hannu ta ce Malam ƙasarsu da taki aka cakuɗa ta tamu kuma babu, ko takin ne? Na ce to ya za ki yi mu yarda da ke? Ta ɗan yi shiru sannan ta ce a ba ta gwangwani biyu, ƙasa iri ɗaya, ruwa kofi ɗaya ɗaya, amma a narka gishiri a ɗaya. Aka ɗauko daga ɗakin gwaji. Wallahi tana soka ƙusoshin a mai gishirin lamba ta haura, yara suka ɗauki ihu har malamin ajin kusa ya leƙo ko faɗa ake. Ita kuwa ko a jikinta, ta juyo ta ce Malam ashe ba ruwan yake aunawa ba, yadda lantarki ke wucewa yake aunawa.

Wannan maganar fa ita ce darasin abubuwan da ke wuce da lantarki da waɗanda ba sa wucewa, darasin da kowace shekara nake cika allo da shi su kwafa su haddace su zuba a jarrabawa su manta. Kuma ba wanda ya ce mata in za a yi gwaji abu ɗaya ake canzawa a bar sauran yadda suke, da kanta ta kai can. Tun daga ranar 'yan rukuninta komai sai sun ce bari mu ji ta bakinta. Bayan ɗan lokaci wasu yaran bayan aji, irin waɗanda da in na juya baya sai jifa da takarda, suka zo min da ƙusa a hannu wai Malam me ya sa wacce ke jikin 3V take saurin tsatsa fiye da ɗayar. Dalilin shi ne lantarki na bi ta cikinta dare da rana yana cin ƙarfen, da muka tattauna sai suka mayar da ƙusar kan wani bakin allon, P1, suka sa allon ya ba ta wuta lokacin awo kawai ya kashe. Ni dai ban taɓa ganin yaran nan sun tsaya bayan an tashi don karatu ba sai a kan wannan ƙusar.

Amma kada wani ya ɗauka abin hutu ne ga malami. Aji zai yi ƙara, abin da kake gamawa a fira ɗaya ta darasi a allon aji zai ci maka uku, manhaja kuma ba ta jiran kowa. A kowane rukuni akwai mai riƙe allo ya hana kowa taɓawa da kuma mai naɗe hannu yana jiran maki, sai da na raba musu aiki, mai haɗa waya daban mai rubuta lamba daban mai bayani a gaban aji daban, kuma ana juyawa. Da suka gano allunan na aika wa juna saƙo ta rediyo kuwa, gulma ce ta riƙa gudu a kan fitilun daga wannan tebur zuwa wancan, sai da kowane rukuni ya ɗauki lambar tasharsa tsakanin 0 da 255 aka samu lafiya.

To yanzu da nake rubutun nan raina ya sake ɓaci, don na tuna ranar da muka buɗe kwalin. Fiye da rabin kebul ɗin da mai kayan ya zubo mana na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayani. Ka jona allo ya kama wuta kamar komai lafiya, amma kwamfuta ba za ta nuna sunansa MICROBIT ba, alamar ba ta gan shi ba, ke nan ba yadda za a yi yaro ya tura aikin da ya haɗa. Fira biyu a jere ta tafi a banza, yara sun gama haɗa bulo suna ganin abinsu na aiki a allon gwaji na kwamfuta amma na hannunsu shiru, wasu har sun fara cewa su ne ba su iya ba, kuma wannan ne ya fi min ciwo don yaron da ya yanke wa kansa hukuncin bai iya ba tun ranar farko janyo shi aiki ne. Na kira mai kayan, buɗar bakinsa sai ya ce Malam ka duba kwamfutocinku, namu kaya gwadaddu ne. Haba Alhaji. Kebul ɗin tsofaffin wayoyi na bi na aro a ɗakin malamai, ina jonawa ya yi aiki nan take, a kwamfutar da aka ce ita ce matsalar.

Ba nan abin ya tsaya ba. A talla an rubuta V2 ne, wanda ya fito a 2020 mai sifika da makirfo a jikinsa, sai ga shi an cakuɗo mana da tsohon samfuri wanda ba shi da ko ɗaya. Ranar furojet ɗin tafi, inda fitila ke kamawa in an tafa, wasu rukunai na tafi fitila na amsawa wasu sun tafa har hannu ya yi ja ba labari, daga nan kullum sai an yi rububin wa zai ɗauki mai ƙara. Wayar gidan batir ɗin kuma siririya ce ainun, yaro ya ɗan ja ta tsinke daga gindi, batir AAA biyu biyu da aka ce suna ciki ko ɗaya ban gani ba.

Littafin darussan ma bai ba ni komai ba. Haɗa wannan, jawo wancan, ga hoton yadda zai fito, an gama. Babu tambaya ko ɗaya da za ta sa yaro tunani, babu lokacin da kowane aiki zai ci, babu yadda malami zai ba da maki a aikin rukuni wanda shi ne ainihin ciwon kanmu. Ko gaya maka ba su yi ba cewa ma'aunin zafin yana cikin ƙwaƙwalwar allon ne, shi ya sa in yaro ya daɗe riƙe da shi a hannu lambar ke hawa, da yaran muka gano wannan ma. In da littafin kawai na bi, kwafar allo ce za ta koma kwafar bulo. Horon malamai da aka yi mana alkawari kuwa bidiyo aka turo min a waya.

Tauraro biyar na zauna da niyyar bayarwa saboda yarinyar nan da gishirinta, amma ita da allon ne suka yi wannan, mai kayan ba shi da hannu a ciki, don haka biyu na ba shi. Allon ku saya, amma kafin mai kawowa ya tafi ku juya bayan kowanne ku ga an rubuta V2, ƙasansa mai ruwan gwal kuma yana da 'yan gibi gibi, ku jona kowane kebul a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Namu tsofaffin har yau suna cikin kwali a ofishin shugaban makaranta, mai kayan ya ce zai aiko a canza, yanzu ma ya daina ɗaukar wayata.